Wai makarantar kuɗi ta fi arha kuma ta fi kyau? A sake lissafi

Tunda gwamnan Texas a Amurka, Greg Abbott, ya sa hannu a dokar baucha (wato gwamnati ta ba iyaye kuɗin biyan makarantar kuɗi) a watan Mayun 2025, aka ware dala biliyan ɗaya iyaye su kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, sai tsohuwar waƙar nan ta dawo, wai makarantar gwamnati cin kuɗi kawai ta iya, firaibet kuwa da ɗan abu kaɗan take fitar da yara masu ƙoƙari. Abin na ba ni haushi wallahi, don lissafin dokin rano ne.

Ku duba yadda firaibet ke ɗaukar yaro mana. Jarabawar shiga, intabiyu da iyaye, a tabbatar uban zai iya biya. Yaron da karatu ke masa wuya, ko kurma, ko mai zuwa aji da yunwa, cikin ladabi za a ce wa iyayen "gaskiya makarantarmu ba ta dace da shi ba". To ina zai nufa? Ta gwamnati, wadda ba ta da ikon rufe wa kowa ƙofa, ita za ta nemo malamin masu buƙata ta musamman, ita za ta buɗe aji a ƙauyen da ɗan kasuwa ba zai taɓa kallo ba don babu riba, duk wannan yana cikin kuɗin kowane ɗalibi da ake mata gori da shi, sannan ranar da sakamako ya fito a jera su biyu a ce ga wadda ta ci.

Jarabawar PISA da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, ke yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama ta sha nuna haka. 'Yan firaibet kan fi maki, amma da an cire tasirin arzikin gidajensu sai tazarar ta ɓace a yawancin ƙasashe.

Masu baucha kullum jihar Andhra Pradesh ta Indiya suke kawowa, inda aka raba wa yara baucha ta hanyar canki-canka, firaibet ta kashe ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da gwamnati ke kashewa. Gaskiya ne. Amma bayan shekara huɗu babu bambanci tsakanin yaran da suka samu baucha da waɗanda ba su samu ba a darasin lissafi da na Telugu, yaren jihar, kuma arhar nan daga albashin malamai aka tatso ta. In dai matse malami ne dabarar, ai ba sai an kira shi ƙwarewa ba.

Masu cewa gasa za ta gyara komai su tambayi Chile. Ta fara baucha a 1981 zamanin mulkin sojan Pinochet, a 2015 sai da ta yi dokar hana makarantun da ke karɓar tallafi tace ɗalibai da cin riba da karɓar ƙarin kuɗi daga iyaye.

Duk firaibet ɗin da ke son kuɗin haraji ta ɗauki duk yaron da ya zo, ta buɗe littafin kuɗinta a gani, in ta ƙi kada a ba ta ko sisi.