Bayan an kashe wutar, wa ke duba ɗan kwana-kwana?

Kowace ranar 15 ga Janairu shugaban ƙasa yakan fito a Abuja ya ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru, gwamnoni ma su yi irin haka a jihohinsu. An zaɓi ranar ce domin ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma da ita ake tunawa da 'yan mazan jiya. Ina cikin masu ganin bikin ya dace. Ƙasar da ta rasa Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a 2016, ta rasa Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a Askira Uba a 2021, ta rasa dubban ƙananan sojojin da ba wanda ya san sunansu sai iyayensu da matansu, ba ta da hujjar ƙyashin ba su yini guda a shekara.

Lokacin da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris na 2024, Shugaba Bola Tinubu ya je maƙabartar sojoji ta Abuja da kansa, ya ba su lambobin girmamawa na ƙasa, ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Abin da ya kamata ke nan. Damuwata ita ce kada irin wannan kulawa ta dogara da yawan surutun da labari ya tayar. Matar kurtun da ya faɗi a dajin Zamfara ko a gaɓar Tafkin Chadi, wanda ko jarida ɗaya ba ta buga hotonsa ba, ita ma marayu aka bar mata. Bai kamata ta yi shekaru tana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis tana neman haƙƙin mijinta ba.

Akwai kuma waɗanda suka dawo da ransu amma ba su dawo daidai ba. A nan dole a yaba wa rundunar soja, domin ta fara furta abin da a da ake ɓoyewa. Najeriya ta shiga wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni a 2023, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi haka, kuma a watan Mayun 2024 Yarima Harry na Ingila ya ziyarci majinyata a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Manyan hafsoshi yanzu suna maganar firgicin bayan yaƙi a bainar jama'a ba tare da jin kunya ba. Aikin bai yi nisa ba, amma an ɗauko hanya.

Mutanen da nake son mu tsaya a kansu su ne waɗanda ko wannan hanyar ba a ɗauko musu ba, wato 'yan kwana-kwana. Aikin kashe gobara a ƙasar nan ya faro ne tun 1901 a ƙarƙashin 'yan sandan Legas, aka yi masa dokarsa ta kansa a 1963. Fiye da ƙarni guda ke nan, amma da wuya ka ji mai mulki ya ambaci ma'aikatan cikin jerin waɗanda ke bin ƙasa bashin godiya. Ba mu tuna su sai wuta ta tashi, kuma ko a ranar, zagi ya fi yabo yawa.

Mutane da yawa sun ɗauka aikinsu fesa ruwa ne kawai. Duk mai bin rahoton da hukumar kashe gobara ta Jihar Kano ke fitarwa lokaci-lokaci ya san ba haka ba ne. Kiran ceto yana da yawa: yaro ya je wanka kududdufi bai fito ba, mai yasar rijiya ya shiga iska ta ƙare masa, wanda ya bi shi don ya ciro shi ma ya maƙale, mota ta kife da fasinjoji, gini ya rufta. Ɗan kwana-kwana ne ke ɗaura igiya a ƙugu ya sauka cikin duhun rijiyar. Shi ne ke nutso cikin ruwan da ba a ganin tafin hannu yana lalube har ya taɓo ƙafar yaron. Shi ne ke fitowa da shi a kafaɗa alhali uwar na tsaye a bakin ruwa. Sau da yawa gawa yake miƙa wa mai unguwa. Kuma a garinsu yake wannan aiki, cikin mutanen da yake haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Soja yakan bar fagen daga ya koma wani gari; shi kuwa gobe ma ta bakin wannan kududdufin zai bi ya tafi aiki.

Sai manyan ranaku. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016. Babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina sun ci wuta a farkon 2021. Kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone a watan Fabrairun 2023. Waɗannan asarar dukiya ce, kuma ma'aikatan sun sha hayaƙi na awoyi suna kallon magidanta na kuka kamar yara. Wadda ta fi su muni ita ce ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150. Wata uku bayan nan aka maimaita a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, rayuka fiye da 80 suka salwanta. Mun yi ta'aziyya, mun yi muhawara kan talauci da ganganci, gwamnati ta kafa kwamiti. A duk wannan ban ji an tambayi halin da mutanen da suka kashe wutar suka tattara abin da ya rage na jikin bayin Allah suke ciki ba. Wanda ya yini cikin wannan ƙauri, ya ɗauki gawar da ba a gane namiji ce ko mace, da yamma zai koma gida a ajiye masa tuwo, 'ya'yansa su hau cinyarsa. Da safe ya wanke mota ya jira wani kiran.

Ga kuma jifa. Ba sabon labari ba ne a ƙasar nan motar kashe gobara ta iso a tarbe ta da duwatsu, a fasa gilashi, a ji wa direba ciwo, wai sun makara ko sun zo ba ruwa. Na fahimci zafin zuciyar wanda shagonsa ke ci da wuta. Amma a duba yadda abin yake faruwa. Yawanci sai an gama gwada bokiti da ruwan omo an kasa sannan a tuna da kiran waya. Lungunanmu ba sa ɗaukar babbar mota. A kasuwa an kafa rumfuna da tebura a kan hanyar da aka tanada domin irin wannan rana. Masu ababen hawa suna jin jiniya ba sa kaucewa, 'yan kallo kuma sun cika wurin da wayoyi a sama. Tankin mota ɗaya, in aka buɗe ruwa da ƙarfi, mintoci kaɗan yake yi ya ƙare, kuma galibin unguwanninmu babu famfon gobara a bakin titi da za a jona, dole a koma inda ake ɗibar ruwa a dawo. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ƙaramin ma'aikaci ya jawo, amma a kansa dutsen ke sauka. Mutum ya sayar da ransa don ya cece ka, ka saka masa da rotse. Wannan ciwon yana daɗewa a zuciya fiye da tabon da ke goshi.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin abin da yawan ganin tashin hankali ke yi wa ɗan Adam. Jiki yana da hanyar shirya kansa idan ya ga haɗari: zuciya ta yi sauri, barci ya gudu, kunne ya buɗe. Ga yawancin mutane, in haɗarin ya wuce komai yakan lafa cikin 'yan makonni. Ga wasu kuwa ba ya lafawa. Mutum ya riƙa mugun mafarki, ya zabura cikin dare yana gumi, ƙaurin nama a wurin mai tsire ya mayar da shi wurin da ba ya son tunawa. Ya zama mai saurin fushi, abin da bai kai ya kawo ba ya daka wa matarsa tsawa. Ya daina zama majalisa. Wani ya fara neman barci a cikin ƙwaya. Iyali su ce an yi masa sammu ko iska ta taɓa shi, a ofis a ce ya lalace, a rubuta masa takardar gargaɗi.

A Amurka, inda aka rasa 'yan kwana-kwana 343 na birnin New York a harin 11 ga Satumban 2001, an daɗe ana bibiyar wannan matsala. Wani bincike da gidauniyar Ruderman ta fitar a 2018 ya ƙirga cewa a 2017 ma'aikatan kashe gobara 103 ne suka kashe kansu, alhali 93 ne suka mutu a bakin aiki. Wannan a ƙasar da ke da kayan aiki da albashi mai kauri da asibitoci ke nan. Ba ina cewa alƙaluman can su ne na nan ba. Imani da zumunci suna riƙe mutanenmu ta hanyar da ba a raina ta. Amma zuciyar Bakano ko Basakkwace da tsoka aka yi ta, irin ta kowa.

Na san abin da wasu za su ce: mu Musulmi ne, muna da tawakkali, addu'a ta isa. Addu'a makami ce, kuma ba na shakkar cewa ita ke riƙe da yawancin waɗannan bayin Allah. Sai dai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, kuma ba mu taɓa cewa mai karaya ya tsaya ga addu'a ya ƙi zuwa wurin ɗori ba. Abin da ke hana namiji faɗin damuwarsa a wurinmu, in an bi diddigi, tarbiyyar «yi ta maza» ce da tsoron kada a ce ya taɓu. Mutumin da aikinsa gaba ɗaya jarumta ne, ya zai yi ya ce wa ogansa ba ya iya barci? Ya san in aka gan shi a layin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kafin la'asar labari ya zaga unguwa, wataƙila har ya shafi auren 'yarsa.

Wasu kuma za su ce hukumomin da ke fama da ƙarancin mota da takalmi da rigar kariya, ina suka ga ta kula da tunani? Wannan hujja tana da nauyi, ba na musun ta. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ma, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200. Amma abin da ake buƙata a matakin farko bai kai kuɗin tayoyin mota ɗaya ba. A kowace tasha a zaɓi dattawa biyu daga cikin ma'aikatan, waɗanda ake jin maganarsu, a horar da su gane alamomi da iya sauraro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗan kwana-kwana zai fi buɗe cikinsa ga wanda ya taɓa shiga rijiya irin tasa. Bayan kowane babban aiki mai gawawwaki, a ba waɗanda suka je hutun kwana ɗaya ko biyu bisa ƙa'ida, ba sai sun roƙa ba, sannan a sake duba su bayan wata guda, domin abin yakan yi jinkirin fitowa. Wanda ya buƙaci likita a tura shi ta hanyar sirri, kuma a rubuta a doka cewa hakan ba zai shiga fayil ɗinsa ya tare masa ƙarin girma ba. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau. Likita ɗaya ya riƙa zuwa hedikwatar hukumar sau ɗaya a wata, a ɗakin da ba a rubuta komai a ƙofarsa ba, ya isa ya canza rayuwar gidaje masu yawa. Limamai da fastocin da ma'aikatan ke zuwa wurinsu su ma a koya musu gane lokacin da ya kamata su ce, «Malam, bayan addu'ar nan ka je ka ga likita.» Matansu kuwa, su ne ke fara ganin canjin, ya kamata su san lambar da za su kira.

Doka ma tana gefenmu. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta ɗauki mai wannan lalura abin tsarewa kawai. Sabuwar dokar ta hana nuna wa mai ciwon bambanci a wurin aiki. Jihohi ne ke riƙe da yawancin tashoshin kashe gobara da talaka ke kira, don haka majalisun jihohi da gwamnoni ne za su mayar da wannan takarda aiki.

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata na hukumomin da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, matasanmu sukan yi tururuwa, wani ya cike na shige da fice, in bai samu ba ya gwada na gidan gyaran hali ko na kashe gobara, duk wanda ya faɗo. Ba na zarginsu, neman abinci halal ne. Kuma aikin nan abin alfahari ne. Alƙur'ani ya ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Amma haƙƙin yaron ne a gaya masa tun a makarantar horo abin da idonsa zai gani, a koya masa yadda ake sauke shi daga zuciya kamar yadda ake koya masa naɗe tiyo da hawa tsani, ya kuma san cewa in ya faɗi a bakin aiki akwai inshora da fansho da za su isa ga iyalinsa ba tare da sun durƙusa wa kowa ba.

Ranar 4 ga Mayu ita ce ranar 'yan kwana-kwana ta duniya, an tsayar da ita bayan wutar daji ta kashe ma'aikata biyar a Linton ta Ostareliya a ƙarshen 1998. Ina roƙon gwamnonin Arewa su sa ta cikin kalandarsu. Mai girma gwamna ya je hedikwatar hukumar da ƙafarsa, a karanta sunayen ma'aikatan jihar da suka rasu a bakin aiki, a gayyato matansu da 'ya'yansu a biya su abin da suke bi, sannan a wurin kwamishinan lafiya ya sa hannu kan yarjejeniya da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, a kuma ware mata layinta a kasafin kuɗin shekara mai zuwa.