Ba waya ce kaɗai ba

Kun ce waya ce ta kashe kasuwar littattafai a Jos. Ni dai ban yarda ba. Ku leƙa shagon dattijon unguwarmu ta wajen Bauchi Road a watan Satumba, iyaye maƙil, kowa da jerin littattafan makaranta a hannu, ana ta "Baba a rage mana". Tsada ce matsalar. Takarda daga waje ake shigo da ita, tun faɗuwar naira a 2023 farashi ya haukace, ga masu buga na jabu suna karya kasuwa. Shi kuwa dattijon bashi yake bayarwa har ƙarshen wata. Yara masu shirin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB kan benci suke karatu kyauta, iyakarsa ya ce kada a lanƙwasa masa shafi.