Ina sauran motar?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na rabu da tsohuwar motata mai shan fetur kamar raƙumi, na sayi wata 'yar mitsitsiya mai silinda uku wadda nauyinta bai kai tan ɗaya ba. A cikin Kano ni sarki ne. Inda A Daidaita Sahu ya kutsa, nan nake kutsawa. Maƙwabta suna kiranta kwalin ashana, ni kuwa ina ƙirga canjina.

Sai ga suna a Zariya, uwargida ta ce ni zan kai mahaifiyarta. Hajiya ta fito, ta zagaya motar sau ɗaya, ta ce, "Malam, ina sauran?"

Na sunkuyar da kai. Ai ba a musu da suruka.

Har Kura lafiya lau. Muna dosar Kwanar Dangora wata tirelar siminti ta zo wuce mu, buhu 600, tan 30 cur. Iskarta kaɗai ta ɗauke mu ta matsar gefen titi kamar ledar fiya wata. Na riƙe sitiyari da hannu biyu har da gwiwa. Na waiga, ban ga direba ba, ban ga ƙofa ba, sai taya, ita ma ta kusa kai rufinmu tsawo. Hajiya da ta fara da hira kan tsadar shinkafa ta koma salati, daga salati ta shiga lissafa mini mutanen da take bi bashi, wai ko da wani abu.

Abin da ya fi ci mini rai a wani cunkoso ne kafin Tashar Yari. Muka maƙale tsakanin tirela biyu, ta bayan tana ta matsowa. Na danna hon, ya yi kuka irin na ɗan tsako. Sai da yaron motar ya leƙo ƙasa ya ƙwala ihu: "Oga, taka birki! Akwai wani abu a nan!"

Wani abu. Motar da na biya da gumina.

Mun isa dai, kowa da ransa. Da la'asar na buɗe wa Hajiya ƙofa, ta ce Allah ya yi albarka, amma ita bas za ta bi, babba, mai tsani. Ni na biya kuɗin motar, har da na jikarta, daidai abin da na rage a mai.