Bel ɗin baya da babbar rigata

Duk wanda ya ga hoton nan da ke yawo a zauren WhatsApp na gidanmu, ya sani ba barci nake yi ba, kuma ba girman kai ne ya hana ni fitowa ba. A ɗaure nake.

Ranar ɗaurin auren Auta ne a Zariya. Motar Yaya muka shiga, 'yar Kwatanon nan da yake gogewa da hankici ko ƙuda ne ya sauka a kai. Shi ke tuƙi, ɗansa mai karatun likita a gefe, ni da Kawu a baya. Ko Kura ba mu kai ba yaron ya juyo ya ce, "Baffa, a sa bel." Na ce ai bel na 'yan gaba ne, su 'yan rod sefti ke leƙawa. Ya ce ba don ni kaɗai ba ne, in aka yi karo, na baya da bai ɗaura ba shi ke tahowa da duk nauyinsa ya danne na gaba. Da ya zo kan "duk nauyinsa" tumbina yake kallo. Har da ƙarin bayani wai wani injiniyan Volvo, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro irin wannan bel ɗin tun 1959. Wa ya tambaye shi? Kawu kuwa ba wanda ya isa ya ce masa ya ɗaura, ya riga ya jingina ya fara minshari.

Na zura hannu cikin tsagar kujera ina laluben inda ake sokawa. Na ci karo da ɓawon gyaɗa, tsinken sakace da murfin biro, kafin na kamo wani. Na soka, ya ƙi kamawa. Ashe na mai zaman tsakiya ne, ba sa shiga na juna. Nawa yana can rabinsa a ƙarƙashin Kawu. Ga babbar riga ta sha sitaci, ga ni yadda kuka san ni, dole na ja bel ɗin har ya ƙare kafin ya zagaye ni. Ya kama, sai na ji yana komawa yana ƙat-ƙat-ƙat.

Daga baya bakanike ya yi min bayanin wannan ƙarar. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, in ka ja bel ɗin fasinja har ƙarshe, yana ɗauka kujerar jariri za a ɗaure. Daga nan shiga kawai yake yi, ba ya sake fitowa sai an kwance shi ya koma gaba ɗaya. Wato duk numfashin da na fitar sai ya karɓe wurin, ba ya mayarwa. A Kwanar Dangora ya hau wuyana yana goga. Kafin Tashar Yari na koma numfashi rabi-rabi, ga Kawu ya gangaro ya zauna daram a kan jan maɓallin.

Muka iso ƙofar masallaci, kowa ya fice. Na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa da babban yatsa biyu, shiru. Ashe gefen rigar na cusa tare da ƙarfen, ya cije.

Nan wannan maroƙin ya hango ni. Kun san shi, mai jar hula da ba ya rasa ɗaurin aure ko na waye. Ya ga mutum a gidan baya, babbar riga, an buɗe ƙofa bai fito ba, sai ya yanke cewa babban baƙo ne. Ya tsaya a kaina ya buɗe murya: "Manya ba sa gaggawa! Alhaji sai ya ga dama yake sauka! Giwa a jira ki!" Ina yi masa alama da hannu ya matso ya taimaka, shi a zatonsa kyauta nake lalube a aljihu, sai ya ƙara ƙaimi. Mutane suka fara taruwa. Dangin amarya biyu suka zo suka durƙusa suka gaishe ni, na amsa da ƙyar, ido jajir, wuya a karkace kamar ragon layya. Ɗaya har yana ce wa ɗan'uwansa ai ka ji muryar manya, ba sa ɗaga ta. Abin da ya fi min ciwo, mutumin nan ya san ni sarai. A sunan ɗana na ba shi kuɗi ya juya su yana kallo, ya ce Allah ya kawo na cikowa. Da ya sunkuyo ya gane ni ne, bai ko rage murya ba, sai ya canza kirari: "Wanda mota ta ƙi saki! Ƙaunar mota gare ka, Alhaji!" Kuma ya tsaya har ƙarshe yana jiran a sallame shi.

Daga cikin motar na ji an shafa Fatiha. Ni ne fa aka ce zan tsaya kusa da waliyyin ango.

Sai da aka watse Yaya ya dawo. Wani ya kira mai yankan farce da almakashinsa. Mutumin ya kama bel ɗin zai datse, Yaya ya riƙe masa hannu ya ce, "A'a, rigar dai." Uwa ɗaya uba ɗaya. Aka yanke shaddar, aka zaro guntun da tsinke, bel ya koma salin-alin.

Goro da alawa ko ɗaya ban samu ba. A hanyar dawowa Kawu ya dubi rigar ya ce yaran yanzu ba ku iya adana tufa ba. Tana wurin tela, ya ce in leƙo bayan Sallah.