Mun je Dubai ta hanyar Gashuwa

Ni dai duk wanda ya fara turo wa Abban Ummi bidiyon Larabawan Dubai ɗin nan da suke zama a sahara da daddare, ga darduma ga wuta ga rago a kan gawayi, to wallahi ban yafe masa kuɗin man da muka ƙona ba. Mutumin nan fa tunda na aure shi tafiyarsa daga gida sai Kwari, daga Kwari sai masallaci, in ta yi nisa a je ɗaurin aure Wudil a dawo kafin la'asar. Amma daga kallon abin nan a TikTok ya shigo gida yana ta zumuɗi wai ai mu ma muna da sahara a ƙasar nan ba sai an nemi biza ba, akwai wani guri Tulo-Tulo a ƙaramar hukumar Yusufari can jihar Yobe dab da iyakar Nijar, tuddan rairayi ne iya ganinka ga dausayi ga dabino, kuma da an yi hutun Disamba can za mu je mu kwana a waje.

Nace Alhaji a waje kamar yaya? Yace a waje dai, a fili, yara su ga taurari. Nace to ai in taurari ne duk daren da aka ɗauke wuta muna ganinsu daga tsakar gida kyauta. Yace Maman Ummi ke matsalarki ba kya son ci gaba.

Hajiya kuwa da ta ji sai da ta gama laziminta tsaf, sannan ta ɗago ta kalle shi, da yake ɗan fari ne ba ta faɗar sunansa, tace "kai wannan, kakanka da ƙafa ya yi fatauci har Damagaram a bayan jaki, kullum addu'arsa kar Allah ya sa zuriyarsa ta ƙara kwanan daji, shi ne kai za ka sa kuɗinka ka sayo abin da ya gudo wa?" Na ji daɗi nace shi kenan magana ta mutu. Ashe ba ta gama ba, tace da ita za a je, ba za ta bar jikokinta a hannun marasa hankali ba. Ban tambaya ba ko har da ni a lissafin.

Shiri kuma sai aka damƙa wa ƙaninsa, ɗan jami'ar nan da ba a taɓa yi masa tambaya yace bai sani ba. Ya je ya tambayo kuɗin tanti na gaske ya ji tsada, sai ya dawo da dabara wai kanofin biki ma ai tanti ne, ya karɓo haya gurin mai kujerun unguwarmu. Kanofi fa jama'a, ƙarfe huɗu da tamfol a sama, gefe da gefe fayau. Sannan tunda sahara ce kowa ya san zafi ake, aka loda ƙanƙara kula guda, lemo, fanka mai caji har biyu, aka ce kowa ya ɗauki kaya marasa nauyi. Na ɗauko bargon Auta zan saka, Alhaji yace me za a yi da bargo a sahara, gurin ajiye shi ai gara a ƙara ruwan leda. Na ce to, na faki idonsa na cusa shi ƙarƙashin kujera. Na yi shinkafa da miya da soyayyun kaji, aka sayo gurasa da kilishin Agadasawa, muka cika Sienna har ba a ganin baya ta madubi.

Tun daga Gezawa ya fara mana lacca. Wai mu Kanawa jinin sahara ne a jikinmu, ita ta gina kasuwar Kurmi, ayarin raƙuma ne suke sauko da gishirin Bilma su koma da turkuɗi da fata, unguwar Agadasawa ma da muka sayo kilishi mutanen Agadas ne suka kafa ta, Larabawan Gadamas da Tarabulus kuma ga zuriyarsu nan a Dandalin Turawa. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba, sai dai yana yi yana sakin sitiyari yana nuni da hannu biyu, Hajiya daga baya tace madugu uban tafiya, a dai dinga kallon gaba. Muka wuce Gumel, muka wuce Haɗeja, a Nguru ya tsaya sai ya nuna wa yara inda layin dogon da ya taso daga Kano ya ƙare tun 1930, su kuwa tambayarsu ɗaya, an kusa? A Gashuwa Hajiya ta sa aka tsaya ta sayi bandar kifi, daga nan har muka dawo gida motar nan ba ta ƙara warin komai ba sai shi.

Bayan Yusufari kwalta ta yi mana sallama. Mutanen gurin suka kewaye motar suna kallonta da tausayi, suka ce Alhaji ka ajiye wannan a nan ka ɗauki hayar Land Cruiser, rairayin gaba ba na ƙaramar mota ba ne. Yace motar da take ɗaukar dilolin atamfa daga Kwari zuwa Sabon Gari ita ce ƙarama? Da kyar ya yarda muka ɗauki wani dattijo cikin Mangawan garin ya nuna mana hanya, aka matse ƙanin miji aka ba shi gaba.

Ba mu yi wata tafiyar kirki ba mota ta tsaya cak. Alhaji ya taka totur, ta ƙara nutsewa, ya ƙara takawa, taya tana ta watso ƙasa baya kamar kaza tana tonon tsaba, har sai da cikin motar ya zauna daram a kan rairayi. Dattijon nan bai ce uffan ba sai da aka kashe inji, sannan yace a sace iskar tayoyin, in taya ta yi laushi tana bajewa a kan yashi ba ta yanka shi, kuma a bar taka wuta da ƙarfi. Alhaji yace iskar da ya biya falkanaiza ya buga masa da asubar nan ita zai zubar a daji? Sai da rana ta fara gasa mu ya yarda. Aka tone gaban tayoyi da murfin kula da farantin cin abinci, aka shimfiɗa sabuwar tabarmata a ƙarƙashi, ni da Ummi da ƙanin miji muna turi, Hajiya tana ciki tana ba da umarni ta taga. Motar ta yi wani kuka ta haɗiye tabarmar ta tofo ta baya a yage, ta matsa taku kaɗan ta sake zama. Ƙarshe dai Land Cruiser ɗin nan da aka raina, tsohuwa tukuf ƙofarta ɗaure da igiya, ita ta zo ta ja mu, kuma kuɗin jan ya fi kuɗin hayar da aka faɗa mana da farko. Ba wanda ya yi magana. Hajiya ce kawai ta yi gyaran murya.

Amma fa tsakani da Allah gurin yana da kyau, wannan ba zan ci haƙƙin Alhaji ba. Mun isa rana ta yi sanyi, tuddan nan sun yi jawur, iska ta zana musu layi-layi, kana hawa ƙafarka tana zurmawa, in ka kai sama sai ka hango dausayi a ƙasa kore shar, dabino da goruba ga ruwa kwance, gefensa fari fat da kanwa. Yara suka manta da yunwa suna ta gangarowa da ciki. Dattijon yace tuddan nan da muke gani tafiya suke, duk shekara iska tana matso da su, inda muke tsaye ɗin nan yana yaro gonar gero ce, akwai gidajen da rairayi ya cinye masu su suka tashi. Ya faɗa ne yana kallonmu da kanofinmu, na ga alama abin da ya kasa ganewa shi ne yadda mutum zai baro gida mai rufin kwano ya zo nan don nishaɗi.

Kafa kanofi a kan yashi wani aiki ne da ba na yi wa maƙiyina fata. Ka kafa ƙafa ɗaya ɗayar ta nutse, ka ɗago ta waccan ta kwanta, dutsen da za a danne ko na jifan tsuntsu babu. Aka ɗaure ƙafa biyu da kula, ɗaya da safaya taya, ta huɗun aka ce Allah ya riƙe. Magariba ta yi aka shiga musun alƙibla, ƙanin miji ya ɗaga waya sama yana juyi wai manhaja za ta nuna, sabis babu, can sai ga saƙo ya shigo da Faransanci, layin Nijar ne ya kama shi yana masa barka da zuwa. Dattijo ya kalli inda rana ta faɗi ya juya mata baya ya ta da sallah, kowa ya bi shi shiru.

Shinkafa kuwa tun buɗe kula iska ta yi mata barbaɗe, kowace loma sai ka ji ƙaras. Auta yace Mama yau gishirin bai narke ba.

Ana idar da isha'i sanyi ya sauko. Ba irin na Kano ba da za ka ce a rufe taga, wannan ta ƙasa yake shigowa ta sama yake saukowa, rairayin da ya ƙona mana ƙafa da rana ya koma ƙanƙara. Ummi haƙoranta suna kaɗawa take mana bayanin wai an koya musu a makaranta, iskar sahara ba laima kuma ba gajimare da zai tare zafi, shi ya sa da rana ta faɗi zafin yake tserewa sama gaba ɗaya. Nace 'yar nan da kika san haka me ya hana ki faɗa tun a gida? Tace ta faɗa Abba yace ta yi shiru manya na magana. Ga fanka biyu cike da caji, ga ƙanƙararmu ko alamar narkewa ba ta yi ba. Bargon Auta da aka hana ɗauka shi muka shiga mu huɗu a cikin mota. Alhaji yace shi fa a waje ya yi niyyar kwana kuma a waje zai kwana, ba a jima ba na ji ana ƙwanƙwasa gilashi a hankali, Maman Ummi ko akwai wani hijabin da ba kya amfani da shi? Na miƙa masa mai ruwan hoda har ƙasa, da shi madugu ya kwana.

Dattijo kafin ya tafi ya ja kunne kowa ya kakkaɓe takalmi kafin ya saka saboda kunama, to wannan maganar ita ta hana ƙanin miji runtsawa, ya rungume takalmansa a ƙirji yana haska ƙasa da fitilar waya har cajin ya ƙare. Can tsakar dare iska ta taso, muka ji fafafaf, sai ihu. Kanofi ya yi sama, ƙarafan suka zube, tamfol ɗin ya bi duhu. Shi kuma ƙanin miji ya buɗe ido ya ga wani dogon abu tsaye a kansa yana huci, ya kwasa da gudu yana a'uziyya yana kiran sunan Hajiya, ashe raƙumin wani ne ya zo yana cin gurasarmu har da ledar.

Hajiyar da yake kira kuwa ba ta ma nan. Tun bayan magariba ta bi dattijon nan cikin gari wai za ta gaisa da iyalinsa, ashe can ta samu ɗaki mai ɗumi da garwashi, ta sha kunu ta yi barcinta. Da safe sai ga ta fes, yaro yana biye da ita da buhun kanwa da ta sayo a araha da ƙullin dabino, ta kalli ɗanta cikin hijabi ido jawur leɓe a fashe tace "kai wannan, an ga taurarin?"

Aka bazu neman tamfol ba a gan shi ba. Dattijo ya ɗebi yashi ya saki ya ga inda ya nufa, yace iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mu kwantar da hankalinmu, hanyar Kano ya yi, ƙila ma ya riga mu isa.

Hoto ɗaya Alhaji ya ɗora a sitatus, wanda aka ɗauka da yamma kafin komai ya lalace, ya rubuta Alhamdulillah a ƙasa, 'yan Kwari suna ta Allah ya sa an dawo lafiya, ina tsarabar Dubai. Bakanike a Ƙofar Ruwa kuma yace bai taɓa ganin motar da aka kawo masa da yashin gini a cikin inji ba. Mai kanofi ya zo karɓar kayansa aka miƙa masa ƙarafa, yace ina tamfol? Alhaji ko kunya babu yace ai yana hanya, ya ɗan ƙara haƙuri. Jiya ma yaronsa ya zo ya yi sallama, wai an ce ya tambaya ko ya iso.