Hurarre ko saukakke? Gyaran baki game da Littafi Mai Tsarki

'Yan'uwa, akwai kalmar da ta zauna a bakin Kiristoci masu jin Hausa, har da masu wa'azi, wadda a ganina ya kamata mu ajiye ta. Sai ka ji mutum ya ce Allah ya saukar da Linjila ga Matiyu, ko ya saukar da Romawa ga Bulus. Daga maƙwabtanmu Musulmi muka aro ta, kuma a wurinsu tana zaune daram, domin imaninsu shi ne Alƙur'ani ya sauka da lafazinsa na Larabci ta hannun Mala'ika Jibrilu. Koyarwar manyan ɗarikun Kirista game da Littafi Mai Tsarki daban take. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Kalmarmu tana cikin 2 Timoti 3:16, inda aka ce Nassi hurarre ne na Allah. A Helenanci kalma ɗaya ce da ta haɗa sunan Allah da numfashi. Sai 2 Bitrus 1:21 ta nuna yadda abin ya gudana: mutane ne suka yi magana, Ruhu Mai Tsarki yana iza su. Kalmar izawar nan ita ce Luka ya yi amfani da ita a Ayyukan Manzanni 27, inda iska ta kwashi jirgin da Bulus yake ciki. Matuƙan suna nan da hannuwansu da hankalinsu, amma iska ce ke da ikon inda za a nufa.

Littafin da kansa bai ɓoye hannun mutum ba. Luka ya buɗe bishararsa da gaya wa Tiyofilas cewa ya bi diddigin labarin tun daga farko, daga bakin waɗanda suka gani da ido. Bincike ya yi. A Romawa 16:22 magatakardan Bulus, Tartiyas, ya sa baki ya yi tasa gaisuwar. A Irmiya 36 annabi ya faɗa, Baruk ya rubuta, sarki Yehoyakim ya yanka littafin da wuƙa ya jefa a wuta, aka sake rubuta shi har da ƙari. A 1 Korantiyawa 1:16 Bulus yana lissafin waɗanda ya yi wa baftisma, ya tuna da gidan Istifanas a makare, ya ce bai sani ba ko akwai wani kuma. A 2 Timoti 4:13 ya roƙi a kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa. Markus kuwa kamar mai sauri yake ba da labari, "nan da nan" kusan sau arba'in, alhali marubucin Ibraniyawa gwanin jera magana ne. Akwai wuraren da Allah ya faɗi kalma aka rubuta kai tsaye, kamar Dokoki Goma da wasiƙu bakwai na Wahayin Yahaya, amma ba haka aka samu yawancin littattafan ba. Abin da Kirista ya gaskata shi ne, Allah ya bi da waɗannan mutane, da harshensu da halinsu da bincikensu, har suka rubuta abin da yake so a rubuta.

Ga ɓarnar da kalmar aro take yi. Yaron da aka rena da cewa littafin daga sama ya faɗo a ɗaure, ranar da wani ya turo masa hoton ƙasan shafi a Facebook, inda aka rubuta cewa waɗansu tsofaffin kwafe ba su da Markus 16:9-20, sai ƙasa ta tsage masa. Alhali abin ba asiri ba ne, masu fassara ne suka sa bayanin da hannunsu. Kafin injin buga littafi, da hannu ake kwafa. Mai kwafa yakan tsallake layi idan layuka biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya, yakan maimaita kalma, wani lokaci ya ɗauki bayanin gefen shafi ya shigar cikin nassi. Kwafen Sabon Alkawari na Helenanci da suka rage sun haura 5,000, kuma yawansu ne ke tona kuskuren junansu. Manyan wuraren da ake tattaunawa sanannu ne: ƙarshen Markus, labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11, da ƙarin da ke 1 Yahaya 5:7. Biyun farko babu su a kundin Sinai da na Batikan, tsofaffin kwafen Helenanci guda biyu, dukansu na ƙarni na 4. A ɓangaren Tsohon Alkawari, a 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a koguna kusa da Tekun Gishiri, ciki har da cikakken Ishaya wanda ya girmi kundin Leningrad, kwafen Ibrananci na shekarar 1008, da shekara dubu da ɗoriya. Da aka gwada su, yawancin bambancin na rubutun kalma ne da ƙananan abubuwa. Fasto da ya ɓoye wa matasa wannan, ya bar wa wani ne ya gaya musu da mugun nufi.

Sai tatsuniyar nan da ba ta mutuwa, wai a taron bishop-bishop na Nikiya na 325 aka zaɓi littattafai aka ƙone saura. Taron nan a kan allahntakar Almasihu ya zauna, da lissafin ranar Ista da tsarin ikkilisiya. Bai tsayar da jerin littattafai ba. Jerin 27 na Sabon Alkawari kamar yadda muke da shi ya bayyana a wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, a 367, sannan tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka amince da shi. Kafin nan an daɗe ana karanta bisharu huɗu da wasiƙun Bulus a sujada. Abin da ake dubawa shi ne, ko littafin ya fito daga manzo ko na kusa da manzo, ko ya dace da bangaskiyar da aka karɓa, ko ikkilisiyoyi a ko'ina suna karanta shi. Waɗansu, kamar 2 Bitrus da Wahayi, sun sha muhawara kafin a daidaita.

Batun littattafai 66 na Furotesta da 73 na Katolika ma a Tsohon Alkawari yake. Furotesta sun bi jerin Ibrananci, littattafai 39. Katolika suna da 46, da ƙarin Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabi biyu, waɗanda suka zo ta tsohuwar fassarar Helenanci, taron Katolika na Trent kuma ya tabbatar da su a 1546. Sabon Alkawarinmu ɗaya ne.

A kan iko ne ɗariku suka rabu sosai. Furotesta sun ce Nassi ne alƙali na ƙarshe, shi ke auna fasto da majalisa da al'ada. Katolika sun ce Nassi da al'adar manzanni tafe suke tare, ikkilisiya ce ke da hurumin fassara, kamar yadda taron Batikan na biyu ya bayyana a 1965. Sai dai ni abin da ya fi damuna yana cikin majami'unmu: mai cewa Nassi ne alƙali, amma da "annabi" ya ce an nuna masa a mafarki sai a rufe littafi. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, wa'azin Bulus kansa suka riƙa gwadawa da Nassi kowace rana, aka kuwa yabe su.

Haka nan mai tsinko aya ɗaya ya kafa koyarwa a kanta. Lambobin surori aikin Stephen Langton ne, wani malamin ikkilisiya ɗan Ingila, a ƙarni na 13, na ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne, wani mai buga littattafai, ya sa su a 1551. Ba hurarru ba ne. Kafin ka kafa hujja da aya, duba wa ke magana, wa ake yi wa, me ya gabata, me ya biyo baya. Maganganun abokan Ayuba suna cikin Nassi, amma a Ayuba 42:7 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91 a Matiyu 4.

Saura fassara. Yesu da Aramiyanci yake magana, bisharu kuwa da Helenanci aka rubuta su, manzanni kuma sukan ɗauko Tsohon Alkawari daga fassarar Helenanci ba tare da neman gafara ba. Shi ya sa tsohuwa a ƙauye mai riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932 da aikin su Dakta Walter Miller na Zariya, Maganar Allah ce a hannunta. Idan aya ta yi maka duhu, ajiye tsohuwar fassara kusa da sabuwa, karanta surar gaba ɗaya a kowacce, ka kuma leƙa bayanin ƙasan shafi kafin ka hau bagadi da ita.