Katangarmu ba ta tare idon da ke sama

A nan Faransa, duk mai ƙaramin jirgi marar matuƙi da ke ɗauke da kyamara sai ya yi rajista, ko da nauyinsa bai kai giram 250 ba, in dai ba na wasan yara ba ne. Jirgin kuma ba ya wuce mita 120 a sama. Wanda ya ɗauki hoton mutum a cikin gidansa ba da yardarsa ba, doka ta tanadar masa ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 45,000. Har 'yan sandan Paris, babbar kotun gudanarwa ta hana su shawagi da jiragen a 2020, sai da aka yi sabuwar doka a 2022.

To, Bature da ɗakin girkinsa da banɗakinsa duk suna ƙarƙashin rufi, lambu kawai ya bari a fili. Mu fa? Gidan Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, an gina shi ne don tare idon mai wucewa: zaure, doguwar katanga, sallama kafin a shiga. Tsakar gida kuwa a buɗe take, mata na girki ba mayafi, ana shimfiɗa a waje lokacin zafi, bayan gida sau da yawa ba rufi. Shi ya sa maginin da zai hau soro yake fara sanar da maƙwabta.

Mai ɗaukar bidiyon biki da jirgi marar matuƙi kuwa ba ya sanar da kowa. Irin jirgin DJI Mini, in ya kai mita 50 kyamara na kallon ƙasa, yana kwaso fili mai faɗin kusan mita 70, wato gidan amarya da na maƙwabta gaba ɗaya. Hotunan na ɗauke da lambobin GPS masu nuna wurin da aka ɗauke su, ragowar bidiyon kuma na nan a katin memori, daga nan sai WhatsApp. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin abin da ya shiga waya ba ya dawowa.

Chadi ta yi dokar kare bayanan mutane a 2015, Kamaru a Disamba 2024, amma matar da aka ɗauka a bakin rijiya ba lauya za ta nema ba. Ni a ganina, tun kafin jiragen su yi arha, lawan da jauro, wato shugabannin gargajiya na unguwa da ƙauye, su sa sharaɗi: a sanar da unguwa tun jajibiri, jirgi ya tsaya a kan layi ƙasa da tsayin katanga in tsakanin gidaje ne, a goge abin da ya shafi gidan wani a gaban uban biki. Masu gida kuma su rufe bayan gida ko da da zana ne.